Jinyar Baba bayan tiyatar kansar baki

Laraba, 21 ga Mayu 2025

Jiya aka yi wa Baba aikin. An shiga da shi da sassafe, ba a fito da shi ba sai bayan la'asar. Zan riƙa rubuta halin da ake ciki a nan, don 'yan'uwa na Kano da Gusau su huta da kiran waya, kuma don wanda Allah ya jarrabe shi da irin wannan jinya ya san abin da ke gabansa.

Kansar a dasashin ƙasa take, gefen hagu, daidai gurbin da ya shekara talatin da ɗoriya yana zuba taba gari. Da ɗan gyambo ta fara, ya ƙi warkewa, aka yi wata da watanni ana danna masa kanumfari ana cewa ciwon haƙori ne, har ta kai ga ƙashi. Likita ya ce duk gyambon bakin da ya wuce mako uku bai warke ba, asibiti ya kamata ya gani, ba mai kemis ba.

Sun yanke wani yanki na muƙamuƙi, suka haɗa giɓin da ƙarfe, suka kwashe kaluluwar wuya ta wannan gefen. Ramin da ya rage a baki da naman ƙirjinsa aka cike shi. An ɗago tsoka tare da fatar da ke kanta daga ƙirjin hagu, ba a raba ta da jijiyar jininta ba, aka bi da ita ta ƙarƙashin fatar wuya har cikin baki aka ɗinke. Akwai wata hanyar da ake ciro ƙashi daga ƙwauri a haɗa jijiyoyinsa da na wuya, amma ta fi ɗaukar lokaci, ta fi tsada, kuma sun ce jikin Baba ba zai ɗauka ba.

Yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman. Robar numfashi a maƙogwaro, robar abinci a hanci, robobi biyu masu zuƙe jini a wuya da ƙirji, ga ta fitsari. Abin da ya fita zuwa yau, da gwaje-gwaje da jini leda uku da ƙarfen muƙamuƙin: naira miliyan 2 da dubu 340. Kusan rabi gudummawar 'yan goro ne na Agege, nan Legas, da mutanen masallacin unguwa. Allah ya saka musu.

Juma'a, 23 ga Mayu

An dawo da shi ɗakin maza. Babbar nas ɗin ɗakin, wata Bayarabiya mai faɗa amma mai sanin aikinta, ta tsayar da ni a bakin gado ta ce tunda ni zan riƙa kwana, sai na koyi duba naman da aka dasa. Ta haska tocila a bakinsa. Abu uku ake dubawa: launi, ɗumi, da taushi. In ya yi fari fat ya yi sanyi, jini ba ya shiga. In ya yi duhu ya kumbura ya yi tauri, jini na shiga amma ba ya fita. Kowanne ne, a kira likita a take, ko ƙarfe biyun dare ne. Da yake fatar Baba baƙa ce, launin ba ya bayyana sosai, don haka wani lokaci likita kan soka 'yar allura ya ga jinin da zai fito. Ja jawur shi ake so.

Sai dokar wuya. Duk rayuwar wannan nama a jijiyar da ta bi ta wuya take, don haka ba abin da zai danne wurin. Ba matashin da zai lanƙwasa kai, ba kwanciya a gefen hagu, ba a rataya komai. Ita kanta robar numfashin ba da igiya aka ɗaure ta ba, ɗinke ta aka yi da fata. Hajiya ta zo ta rataya masa carbinsa a wuya, nas ta hango daga nesa ta yi tsawa, sai da na lallashi Hajiya a waje. Kan gadon a ɗage yake, ba ya kwanciya miƙe.

Magana babu. Baba ba ya rubutun boko, da ajami yake rubuta abin da yake so, nas kuwa ba sa iya karantawa. Na yanka kwali na yi masa katuna shida, sama ajami ƙasa Turanci: ciwo, majina, fitsari, zafi, a juya ni, lokacin salla. Na ƙarshen ya fi ɗagawa. Taimama yake yi, ya yi sallarsa da ishara daga kishingiɗe.

Asabar, 24 ga Mayu

Daren jiya bai yi daɗi ba. Wajen ƙarfe uku numfashinsa ya fara ƙara, yana zare ido yana dukan ƙarfen gado. Nas ɗaya ce a ɗakin gaba ɗaya, tana can ƙarshe wajen wani. Da ta iso ta zare robar ciki, wadda ke cikin ta maƙogwaron, sai ga ta a toshe da busasshiyar majina. Tana cirewa ya samu iska.

Da safe ta zaunar da ni ta yi min bayani. Hanci ne ke jiƙa iska ya ɗumama ta, yanzu kuwa iskar kai tsaye take shiga ta wuya, shi ya sa majina ke bushewa. Maganin abin: a riƙa cire robar ciki ana wankewa da ruwan gishirin asibiti sau da yawa a rana, a ɗora jiƙaƙƙen bandeji a bakin ramin, a riƙa yi masa turaren ruwan gishiri da na'ura. Zuƙe majina da inji aikinsu ne, amma na kalla da kyau. Ba ta wuce daƙiƙa goma zuwa sha biyar a ciki, sai ta fito ta bar shi ya huta, don injin har iskar huhu yake ja.

Robar zuƙe majina kwali ɗaya, safar hannu, bandeji, ruwan gishiri: naira dubu 31.

Litinin, 26 ga Mayu

An cire robar fitsari. An cire ta ƙirji, tunda abin da take tarawa ya koma ƙasa da mil 30 (wato mililita) a kwana. Ya taka daga gado zuwa ƙofa ya dawo.

Laraba, 28 ga Mayu

Jiya aka toshe bakin robar numfashi a gani ko zai iya da hanci. Ya kwana lafiya, yau aka zare ta. Ba a ɗinke ramin, filasta kawai ake sawa, da kansa yake haɗewa. In zai yi tari ko magana sai ya danna wurin da yatsa. Abin da ya fara faɗa, da ƙyar muka gane: wa ke rumfa? Na ce ƙanena. Ya kawar da kai.

Nauyinsa kilo 57. Kafin aikin 61 ne.

Asabar, 31 ga Mayu

Koma-baya. Ranar Alhamis bayan azahar 'yan dubiya suka cika ɗakin. Na fita karɓo magani, na dawo na tarar Baffa na tsaye da 'yar gorar zamzam, ya riga ya ɗura wa Baba kurɓi biyu. Na ce, "Baffa, an ce ko ɗigo kada ya bi ta baki." Ya ce, "Kai yaro, zamzam ne fa. Zamzam zai cuci mutum?" Na ce ba ruwan ba ne, ɗinkin ne bai kama ba, in yana so a zuba ta roba, ciki ɗaya za shi. Ya yi fushi ya fita.

Daren Juma'a zazzaɓi ya taso. Da safe gindin haɓa ya kumbura ya yi ja, bandejin ya jiƙe da wani ruwa mai yauƙi da wari. Likita ya zo ya ɗiga masa ruwa mai shuɗin launi a baki, muka tsaya muna kallo. Ba a jima ba shuɗin ya ɓullo a bandejin wuya. Wato ɗinkin ciki ya buɗe a wani lungu, miyau na bi ta nan yana fitowa ta wuya.

Na tambayi likitan ko kurɓin nan ne sanadi. Ya ce ba zai ɗora wa kurɓi biyu ba, irin wannan yoyon yakan faru a kwanakin nan ko ba a sha komai ba, musamman ga wanda ya rame kafin aiki. Amma ya ce daga yau mutum biyu kawai a bakin gado. Na ji daɗin wannan doka, don ni ba zan iya korar abokan Baba ba, amma nas za ta iya, kuma ta yi.

Ya warware zare uku ya matse mugunya, ya wanke, ya cusa bandeji. Za a riƙa canjawa sau biyu a rana. An ɗauki mugunyar a gwada, an sauya maganin kashe ƙwayoyin cuta zuwa na allura. Naman da aka dasa lafiyarsa lau, wannan ne abin godiya. Sallamar da aka ce Litinin ta tashi. Ba ci ba sha ta baki har sai yoyon ya tsaya.

Alluran kwana biyar da gwajin: naira dubu 88.

Litinin, 2 ga Yuni

Mai ba da shawara kan abinci ta zo. Ta ce ciwo ba ya haɗewa da kunu zalla, jiki na buƙatar abin gina tsoka, kuma Baba na neman kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, kusan 2,000 a rana. Madarar gwangwani ta masu jinya da ta ambata mun tambayi kuɗinta a kemis, gwangwani ɗaya ba ya kwana uku, ba za mu jure ba. Sai ta tsara mana na gida.

Ga yadda Yaya take haɗawa: gasarar gero a dama ta ta dahu sosai, garin waken suya da aka soya, madarar gari, dafaffen ƙwai, ayaba, cokali biyu na man gyaɗa. Wani zubin a sa dafaffen kifi da karas da alayyahu maimakon ayaba. A markaɗa a bilenda, a tace da rariya mai laushi sau biyu. Kaurinsa kada ya wuce na kunun tsamiya. Mil 300, sau shida a rana.

Ba da shi ma da ƙa'idarsa. A zaunar da shi. A duba lambar da ke jikin robar daidai bakin hanci, tasa 55 ce, in ta canja kada a zuba komai. A zuƙo ɗan ruwan ciki da sirinji a ɗiga a takardar gwaji a tabbatar robar a ciki take ba a huhu ba. A zuba ruwa mil 30, sannan abincin a hankali ya sauka da kansa ba tare da an danna ba, a bi shi da ruwa. Ya zauna rabin awa ko fiye kafin ya kishingiɗa. Kowace ƙwaya a niƙa ta daban, kuma a tambayi mai magani tukuna, don akwai waɗanda ba a niƙawa.

Laraba, 4 ga Yuni

Sakamakon naman da aka yanke ya fito. Gefunan duk tsaf, ba a bar kansa a wurin ba. Amma ta shiga kaluluwa biyu, kuma ta taɓa ƙashi, don haka sai an yi rediyoterafi, wato ƙona wurin da na'ura. Likita ya ce an fi so a fara cikin mako shida daga ranar aiki, wanda ya kama 1 ga Yuli. Ba a ƙona wuya da ciwo a buɗe. Yanzu na gane dalilin da ya sa yake matsa mana kan abinci da wankin ciwo.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Salla a asibiti. Ban je idi ba. Bana ba mu yi layya ba, kuɗin ragon ya tafi magani. Maƙwabta sun aiko da nama, Yaya ta dafa tsoka ta yi lugub ta markaɗa a cikin na azahar. Na gaya wa Baba yau da nama a ciki. Ya ɗauki biro ya rubuta: ban ji yaji ba.

Da yamma wani tsohon abokinsa ya zo barka da salla, na ga yana tura masa ƙulli a ƙarƙashin zanen gado. Taba gari ce. Na karɓe, na raka shi waje na yi masa bayani a tsanake, cewa ban da ita ce ta jawo ciwon, tana kuma tsuke jijiyoyin jini, naman da aka dasa kuwa da jini yake rayuwa. Ya ce shi tausayi ya ji, ya san yadda ƙishirwarta take. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma a leɓensa take.

Talata, 10 ga Yuni

An sallame mu, da an yi jiya ba don hutun salla ba. Yoyon ya ragu, bai tsaya ba. Kuɗin gado da saura: naira dubu 412. Motar haya zuwa Agege dubu 18, ta bi da mu a hankali saboda ramuka.

Mun ba shi ɗakin gaba mai taga biyu. Katifa muka tokare da bargo biyu ta ɗaga. Wata nas da ke unguwarmu za ta riƙa zuwa da safe ta wanke ciwon, dubu 5 kowane zuwa, na yamma ni zan yi. Wankin baki bayan kowane abinci da ruwan ɗumi da gishiri, ko da yake ba ta bakin yake ci ba, don miyau na taruwa a gefen da ba ya ji.

Juma'a, 13 ga Yuni

Likitan haƙori. Duk haƙorin da ya lalace sai an cire shi kafin ƙonawa, don in aka cire bayan an ƙona, ƙashin kan ƙi warkewa. An cire biyu na sama. Sai an ba wurin kwana goma zuwa sha huɗu. Lissafin 1 ga Yuli ya fara wuya.

Litinin, 16 ga Yuni

Daren jiya robar hanci ta fita. Zufa ta saki filastar, Baba ya juya cikin barci, sai ganinta muka yi a kan ƙirjinsa. Nas ɗin unguwa ta ce ita ba za ta mayar ba, kuma ta yi daidai. Wanda aka yi wa ɗinki a baki da maƙogwaro ba a cusa masa roba a makance, sai a gaban waɗanda suka san inda suka ɗinka.

An kwana ana ruwa. Hanyar Oshodi ta cushe, muka fita bayan asuba ba mu isa ba sai hantsi. Aka mayar, aka ɗauki hoton ƙirji a tabbatar da inda ta tsaya. Kafin a gama ya rasa zubi huɗu da maganin safe, ya dawo jiki ba ƙwari. Mota da hoto da sabuwar roba: naira dubu 54. Yanzu kullum da yamma nake goge hancin ya bushe in sa sabuwar filasta, in kuma maƙale jelar robar a rigarsa.

Laraba, 18 ga Yuni

Gudawa tun jiya. Mun bi diddigi: wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, firji ya huce, abincin da aka haɗa da safe shi ake ta ɗumamawa har dare. Abinci mai madara da ƙwai ba ya jure zafin Legas. An ce kada ya wuce awa biyu a waje, ko a firji kada ya wuce kwana ɗaya. Mun koma haɗa zubi biyu-biyu, a tayar da janareta don bilenda kawai. Fetur na wajen naira 900 lita. Sirinji da rariya a wanke da ruwan zafi a kife su bushe. An ba shi ruwan gishiri da sukari ta roba.

Kilo 54 da rabi. Wannan lambar ta fi komai tayar min da hankali, don kowa ya ce lokacin ƙonawa ake ramewa ta gaske.

Asabar, 21 ga Yuni

Jiya aka sake gwajin shuɗin ruwa. Bandeji ya fito fari. Alhamdu lillahi.

An fara ba shi ruwa da ƙaramin cokali, a gefen dama, yana zaune sosai. Rabi ya zubo ta gefen leɓe, don leɓen ƙasa na hagu ba ya ji, jijiyarsa ta tafi da ƙashin da aka yanke. Abin lura shi ne tari ko sauyin murya bayan haɗiya, alamar ruwa ya bi hanyar iska. Bai yi ba. Baffa ya zo, na miƙa masa cokalin da gorar zamzam ɗinsa na ce, "Baffa, yau an yarda." Shi ya ba shi.

Talata, 24 ga Yuni

Motsa jiki. Bakin ba ya buɗuwa sai yatsa biyu, ana son uku. An ba mu 'yan itatuwan da likita ke danne harshe da su, a jera su a cusa tsakanin haƙoran dama, a riƙe, kowane 'yan kwanaki a ƙara ɗaya. Yana kan goma sha biyu. Kafaɗar hagu ta sauka, ba ta ɗaguwa sama, saboda aikin wuya ya taɓa jijiyarta. Yana tsayawa gaban bango yana hawa da yatsu. Ba ya so, sai Hajiya ta tsaya a kansa.

Ya yi kwana biyu yana cewa akwai zare a bakinsa. Na haska, ashe gashin ƙirjinsa ne ya tsiro a kan fatar da aka dasa. Na kira likita a tsorace, ya yi dariya ya ce haka yake yi, alama ce naman na raye, a asibiti za a rage masa, kuma ƙonawa kan kashe shi.

Yana shan kunu da farfesun kifi da aka tace ta baki, sauran ta roba. An ce kada a cire robar, za a buƙace ta gaba.

Juma'a, 27 ga Yuni

Mun je cibiyar kansa ta NSIA-LUTH da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, wadda aka buɗe a 2019. An jiƙa wata raga ta roba a ruwan ɗumi aka ɗora masa a fuska da wuya ta ɗauki siffarsa, da ita za a riƙa kafe kansa kada ya motsa. Aka yi hoton da za a tsara aikin da shi. Bayan nan mun yi sallar Juma'a a cikin Hausawan Idi-Araba, karo na farko da ya shiga jam'i tun watan Mayu, a kan kujera, rawani ya rufe haɓa.

Alhamis, 3 ga Yuli

An ba mu ranar farawa: Litinin, 7 ga wata. Mun wuce mako shidan da kwana shida, yoyo da haƙora suka ci lokacin. Zama 30 ne, Litinin zuwa Juma'a, mako shida, kuma an ja kunnenmu kada a tsallake rana.

Kilo 56. Itatuwan baki goma sha biyar. Ramin maƙogwaro ya haɗe.

An gaya mana abin da ke tafe: daga mako na biyu ko na uku baki zai yi gyambo, miyau zai yi kauri ya ragu, ɗanɗano zai tafi, fatar wuya za ta yi duhu. Ba yaji, ba abu mai zafi, ba goro. Kurkure baki da ruwan gishiri da sodar girki (baking soda) sau da yawa a rana, buroshi mai laushi na yara, riga mai faɗin wuya, ba a shafa wa wurin komai sai abin da suka ba da.

Zirga-zirga ce matsala. Motar haya kullum daga Agege ba za ta yiwu ba. Jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege da Mushin, daga nan sai keke, amma ban son cunkoso da mai roba a hanci. Wani ɗan'uwan Hajiya a Idi-Araba ya ce zai ba mu ɗaki ranakun aiki, mu riƙa komawa gida Juma'a da yamma. Gobe zan je in ga ɗakin, in duba wuta da ruwa, in ga ko akwai inda za a ajiye ƙaramin firji. Kuɗin ƙonawa mun biya kashi na farko, da saura. Ranar Lahadi dattawan kasuwa za su zauna a kai, ni kuma zan sayar da babur ɗina in ba a kai ba.